Goggo Dudu Ta Ga Gari

"Tsaya mana, Goggo, kar ki sa hannu. Ni zan cire."

Malamar asibitin ta kama gefen filastar tana ɗagawa a hankali, Goggo Dudu kuwa ta ƙanƙame bakin gado kamar wadda za a cire wa haƙori. Tun jiya da aka yi mata aikin yanar ido take cika wa matan ɗakin baki, wai ita Bafulatana ce, ba a ƙera allurar da za ta sa ta motsa ba. Yanzu ga ta nan tana jero duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa.

Filasta ta fita. Aka goge mata idon da auduga mai sanyi.

"To buɗe."

"Ai na buɗe."

"Goggo, ina kallonki fa. A rufe yake ruf."

Ta buɗe. Haske ya mare ta, ta runtse, ta sake buɗewa kaɗan-kaɗan. Wani abu fari ya tsaya wuri ɗaya ya zama bango. Wani abu a gindin bangon shi ma ya tsaya.

"Bokiti!" Goggo ta kwarara ihu. "Wallahi bokiti ne! Shuɗi! Ga marfinsa can gefe, wata ƙazama ta bar shi a buɗe!"

Ɗakin ya kaure da dariya da kabbara. Tsofaffin da ke jiran a zo kansu, kowace da filasta a ido, suka hau tambaya: da gaske ta gani? Ita kuwa Goggo ta riga ta juyo kan malamar.

"Ke 'yar nan, ashe wushirya gare ki? Da wannan kyan kike ta yi wa mutane tsawa tun jiya?" Ta ɗaga hannuwanta ta kai su gaban ido, ta juya su, ta sake juyawa. "Wa ya musanya mini hannu? Waɗannan ai na kakata ne."

Shekarun da ta yi ba ta gani, ita kanta ta daina lissafi. Abin ya fara mata kamar hayaƙin murhu, ya yi ta kauri, har ya kai rana da dare kawai take bambancewa. Yanzu an share mata ido ɗaya, na dama, ɗayan sai nan gaba. Amma wannan ɗayan ma ya ishe ta ta addabi duniya.

Can sai ta hango wani dattijo tsaye a bakin ƙofa cikin farar shadda, gemunsa da furfura, yana share fuska da hannun riga. Har ta gyara mayafi za ta gaida shi, sai ya yi magana.

"Goggo, kina ganina?"

Izzuddeen ne, ɗanta na fari, wanda bakinta bai taɓa furta sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa. Ta bar shi da baƙin gashi, ga shi yau sak ubansa a shekarar da ya rasu. Ta so ta kalle shi ta ƙoshi, amma wace Bafulatana ce za ta zuba wa ɗan fari ido a gaban jama'a? Ta kau da kai.

"Ina dai ganin mutum," ta ce. "Ku ce wa wannan ya daina kuka, ana kallonsa."

Kau da kan nan ne ya kai idonta kan cinyarta. Ta matso da zanin kusa da fuska.

"Wane ne wannan?"

A jikin zaninta, wanda ta fi so duk cikin kayanta, wanda take ɗaurawa biki da suna, wani ƙaton mutum ne mai gashin baki da jar hula yake yi mata murmushi. Ta ja zanin ta gefe, ga shi nan. Ta leƙa ta baya, yana nan. Ko'ina shi ne, yana ta fara'a.

Malamar ta danne dariya ta ce irin atamfar nan ce da mutanen kudu ke bugawa idan babban mutum ya mutu, ana samun ta a gwanjo.

"Abokiyar ɗakina Yagana ce ta zaɓa mini," in ji Goggo a hankali. "Ce mini ta yi furanni ne. Koren ganye da furanni." Ta dafe ƙirji. "Shekara da shekaru ina zaune a kan fuskar mijin wata! Har Idi na je da shi! Kai, Babarbariyar nan, yau sai na ga abin da zai raba ni da ita!"

Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har malamar ta riƙe mata kai tana cewa a hankali, Goggo, ɗinkin ɗanye ne.

Da aka sallame su, aka ɗora mata baƙin gilashi aka ba Izzuddeen maganin ɗigawa, sai ya rage murya.

"Goggo, gida za mu wuce. Surukarki Hidaya ta gyara miki ɗaki, an ɗora tukwane tun safe, 'yan uwa suna hanya."

Wannan magana tana da tarihi. Lokacin da idon ya tafi, Izzuddeen ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa nan Azare. Gida ne na zamani, ƙasa duk tayil, santsi kamar an zuba karkashi. Ta faɗi a banɗaki, ta faɗi a matakala, ta ɓace tsakanin falo da kicin tana kiran mutane. Ta ce a mai da ita inda ƙafarta ta san ƙasa. Aka mai da ita Garin Bappa, gaba da Udubo kaɗan, aka ajiye ta a Gidan Sista. Tun daga ranar Izzuddeen bai huta da bakin mutane ba: babban ma'aikaci, ga mota, ga gida, uwarsa tana can wata Kirista ce ke yi mata wanka. Shi ya sa ya kai maganar gaban mai unguwa, Goggo kuma ta yi alkawari da bakinta cewa ranar da ta ga gari, ranar za ta tare a Azare. Ba tilas aka yi mata ba. Watanni ta yi tana yi wa 'yan gidan gorin fanka da ruwan firji da jikoki.

"Alkawari yana nan," ta ce tana kallon bango. "Amma ni zan kwaso kayana da hannuna. Kuma sai na ga fuskar baiwar nan tawa Yagana sau ɗaya, na san wadda na yi ta yi wa wahala."

Ya dubi fuskarta, ya ɗauki maganin. Suka nufi mota.

Wallahi wanda bai shiga motar nan ba ya yi asarar kallo. Tun daga ƙofar asibiti Goggo take ɗaga gilashin tana leƙowa ta ƙarƙashinsa, Izzuddeen yana roƙonta ta mayar.

"Mene ne waɗannan masu ƙafa uku kamar tukunya a kan murhu?"

"Keke Napep ne, Goggo. Kin sha shiga."

"Na shiga wannan? Kuma na fito da rai? Allah mun gode maka. Kai, dubi 'yan matan can, kowace tana magana da tafin hannunta. Wancan baƙin allon a kan rufi fa? Shi ne sola? Ni na zaci wani inji ne mai hayaƙi. Tsaya, tsaya! Mai lemo! Dubi launin lemo, jama'a!"

Ta leƙo ta taga ta gaida mai lemo, ta gaida ɗan acaɓa, ta gaida wani ɗan sanda da ya tsaya yana mamakin inda ya san ta. Da motar ta faɗa rami, madubin da ke saman kanta ya faɗo ya buɗe. Ta yi ido huɗu da wata tsohuwa, ta ce, "Inna!" Sannan ta gane. Ta daɗe tana kallo, ta gyara ɗankwali, ta ce to ba laifi, hancin dai yana nan inda ta bar shi.

Suka fita gari suka kama hanyar Gamawa. Damina ta zauna, gero ya fi mutum tsayi, kore shar har inda ido ya tsaya. Da suka cim ma garken shanu a bakin titi, Goggo ta sa aka rage gudu, ta kira su da Fulatanci ɗaya bayan ɗaya da launinsu, makiyayin yana ta washe baki.

Gidan Sista kuwa, ba wanda yake kiransa gidan tsofaffi. Wa zai yarda a ce ya kai uwarsa irin wannan wuri? Jinya ake cewa. Wance tana jinya a wurin Sista, ko da jinyar ta shekara goma. Sista Priskila mutuniyar Bogoro ce, ta zo ɗakin shan magani na Garin Bappa tana budurwa, ta karɓi haihuwar rabin garin, ta yi ritaya ta ƙi tafiya. Wata rana ta ɗauko wata tsohuwa mai gyambo da 'ya'yanta suka tafi ci-rani, ta ce ta kwana biyu. Daga nan ƙofar ba ta sake rufuwa ba. Gari yana kawo hatsi da kaka, Zinatu tana girki da wanki, sauran aikin kuwa hannu bai isa ba. Sai Sista ta ɓullo da dabara: ta haɗa su bibbiyu, wanda yake da abu ya ara wa wanda ba shi da shi. Mai kunne da kurma, mai haƙori da mai dasashi. Goggo Dudu tana da ƙafa ba ido. Yagana tana da ido, ƙafa kuwa shanyewar jiki ta tafi da su. Aka samo keken guragu, aka ɗora Babarbariya a kai, aka damƙa wa Bafulatana.

Mai unguwa ya ce Sista ta haɗa wuta da fetur, kuma bai yi ƙarya ba. Kullum garin Allah ya waye sai an ji su a lungu, ɗaya tana turawa ɗaya tana zagi. Rami, makauniya! Akuya ce, ba 'yar uwarki ba, bar gaida ta! Goggo tana ramawa daga baya, wai an haɗa ta da buhun gishiri mai baki. Babu gidan suna ko na gaisuwar mutuwa da ba su taka ba. Kowace ta rantse ɗayar baiwarta ce tun kaka da kakanni. Yara suka sa musu suna motar Sista.

Mota ta tsaya a ƙofar gidan. Kafin Izzuddeen ya zagayo ya buɗe mata, Goggo ta dire.

Tsofaffin suna jere a kan benci a inuwar dalbejiya suna jira. Ta tsaya a gabansu ta riƙe ƙugu.

"Kar wanda ya yi magana! Ni zan gane ku."

Wani ɗan guntun tsoho da hula a karkace ya yi tari.

"Baba Umara! La ilaha illallahu! Kai ne wannan? Da wannan murya taka na zaci sai ka sunkuya kake shiga zaure. Ashe ɗan tsut ne kai!"

Baba Umara, da ba ya ji sosai, ya ce amin, amin, Allah ya ƙara sauƙi. Benci ya kusa kifewa don dariya. Ta gane Zinatu da ƙaurin hayaƙi, ta ce mata ashe yarinya ce ɗanya. Da ta zo kan Sista Priskila, wata gajeriyar mace mai kauri da farin gashi da tabarau a kan hanci, sai ta kama hannuwanta biyu ta riƙe. Hannuwan nan ta sani, su ne suka yi ta yanke mata farce.

"Ina baiwata?" ta ce.

Amsa ta fito daga can cikin gida, da muryar nan da ake ji har bakin kasuwa.

"Ku ce wa makauniyar ta kwashi tsummanta ta wuce! Ba na son idon Fulani a kaina, sabon ido ma, bai san kunya ba!"

"Kun ji ta ko? Tsoro take ji!" Goggo ta tattare zani ta shige tsakar gida tana dariya.

A ƙofar ɗakinsu ta ga keken. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta ɗora hannu a mariƙinsa, robar ta cinye daidai wurin yatsunta. Ashe ja ne. Ta zagaya shi tana kallo kamar wadda ta zo sayen saniya, ta duba taya, ta duba mazauni. Sai ta hangi wani abu a ƙarƙashi.

A kan ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin mazaunin, an ɗaure dutsen niƙa da tsohuwar robar taya. A gefensa rabin bulo. A bayansu wani ƙullin yashi a cikin buhun siminti.

"Zinatu, wane shashasha ne ya mai da motarmu shago?"

Zinatu ta dubi ƙasa. Sista ce ta matso, ta kama Goggo ta ja ta gefen rumbu, inda murya ba za ta kai ɗaki ba.

"Ita ta sa a ɗaura," in ji Sista. "Tun waccan daminar. Da farko ƙullin yashin ne kawai. Da ta ƙara ramewa, ta ce a ƙara bulo. Dutsen bai daɗe ba."

"Ramewa? Yagana?"

"Ciwo ne a cikinta, Goggo. Ranar da na ce miki mun tafi awon jini, Azare na kai ta. Likita ya duba, ya ce mu dawo da ita gida, ta ci duk abin da ranta ke so." Sista ta cire tabarau ta goge da gefen zani. "Ta hana a gaya miki. Ta ce idan kika ji keken ya yi sauƙi za ki gane, in kika gane za ki fara tausaya mata. Ta ce duk gidan nan kowa sannu yake ce mata, ke kaɗai kike zaginta. Ta ce ranar da kika daina, ranar ta san ta mutu."

Goggo ta jingina da rumbu. Ta tuna yadda take turawa tana mita, wai ƙatuwar nan kullum ƙara nauyi take, Yagana tana ƙyalƙyala dariya a gaba. Tausayi ya kama ta, da haushi, da kunya, duk a lokaci guda.

"Za ki shiga?" in ji Sista. "In za ki shiga, duk abin da za ki ce, kar ki ce mata sannu."

Goggo ta gyara zaman baƙin gilashin a fuskarta, ta ɗaga labule.

Ƙamshin turaren wuta ta fara tararwa, wannan ta san shi. A kan katifar da ke kusa da taga an tara tufafi, riga a kan riga, an naɗe su da babbar lafaya mai ruwan goro. Daga saman tulin wata 'yar fuska ta leƙo, duk tsage, ba komai a cikinta sai idanu. Hannun da ya riƙe lafayar, awarwaro ya zame masa har gwiwa. Daga cikin wannan ɗan abin ne muryar nan take fitowa duk shekarun nan.

Suka kalli juna.

"To," in ji Yagana, kuma yau muryar ta yi ƙasa. "Kin gani."

Sannun nan ta taso wa Goggo tun daga ciki, ta zo har bakin leɓe. Ta haɗiye ta da ƙyar, ta tafa hannu.

"Innalillahi! Ashe haka kike da muni?"

Idanun Yagana suka ƙifta.

"Jama'a ku zo ku gani! Wa ya yi miki wannan tsagen, kaza ce ta yi tono? Wannan fuskar na yi ta yawo da ita gida-gida? Shi ya sa jarirai suke kuka in mun shiga barka, ni ina cewa yunwa ce!"

"Ke!" Muryar ta dawo gaba ɗaya. "Ke da wannan gilashin kamar direban tirela? Dogon wuya kamar na zalɓe! Matso na ga idon da aka ara miki, na san na akuya ne."

"Ido ne da ya ga amanar da kika ci. Furanni ko? Koren ganye ko?"

Yagana ta dubi zanin, ta dubi mai gashin bakin, sai ta sheƙe. "Ai taimakonki na yi! Na ga ba mai so, na samo miki miji. Mutumin kirki ne, ko sau ɗaya bai taɓa yi miki faɗa ba!"

Suka yi ta dariya, Goggo a tsaye tana dukan cinya, Yagana tana girgiza a cikin tulin tufafinta, har 'yan benci suka taso suka cika ƙofa. Dariyar ta juye wa Yagana ta zama tari, tarin ya daɗe, ya naɗe ta gida biyu. Goggo ta juya tana duba bangon ɗakin kamar tana neman wani abu, ta bar shi ya wuce.

"To kwashi kayanki," in ji Yagana tana haki. "Na 'yanta ki. Je ki birni ki sha ruwan firji, haƙoran da suka rage su zube."

Zinatu ta riga ta ƙulle kayan tun safe. Goggo ta dubi ƙullin, ta tsallake shi ta fita.

Izzuddeen yana tsaye jikin mota da waya a kunne, yana cewa ga su nan tafe, a fara zuba wa baƙi. Da ya gan ta hannu biyu babu kaya, ya sauke wayar. Ta tsaya ɗan nesa da shi, ta kafa ido a kan takalminsa.

"A ce wa Hidaya na gode da ɗaki. A rufe shi kar ƙura ta shiga."

"Goggo."

"Ba yau ba."

"Goggo, gidana cike yake da mutane. Har daga Disina an zo. Me zan ce musu?" Ya matso kusa da ita. "Shekara nawa ina shan magana a kanki? A gaban mai unguwa kika yi mini alkawari."

"Na yi. Ka ce uwarka ta yi ƙarya. Tsohuwa ce, za a yafe mata."

Ya juya ya dafa motar. Ta san ta ɓata masa rai, kuma ta san bai cancanci haka ba. Duk abin da ɗa zai yi wa uwa ya yi.

"Har yaushe?" ya ce.

"A shiga a gaida Yagana. In an fito, a sake tambayata."

Ya je ya cire takalmi a ƙofar ɗakin ya yi sallama. Daga waje suna jin Yagana tana ce masa ɗan baiwarta ya girma, ya kawo goron uwargijiya. Suka ji ya yi dariya. Bai daɗe ba ya fito. Ya sa takalminsa a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, bai kalli kowa ba, kuma bai sake tambayar ba. Ya ɗaga waya.

"Hidaya, ku juye abincin a kuloli. E, duka. A samo bas, kowa ya taho Garin Bappa. Nan za a yi."

Zinatu ta rangaɗa guɗa. Aka yi wa Baba Umara bayani a kunne cewa shinkafa da kaji suna tafe daga Azare, ya miƙe ya ce bari ya je ya sako babbar riga.

"Kafin su iso zan kai baiwar nan ta sha iska," in ji Goggo. "Ɗakin ya ishe ta."

Sista ta girgiza kai. "Da ɗanyen ɗinki a ido? Ba ɗaukar kaya, ba turin nauyi. Ba ki ji likita ba?"

"To a kwance nauyin."

Izzuddeen ya durƙusa a ƙasa da farar shaddarsa, ya yi ta fama da ƙullin robar har ta saki. Ya ciro dutsen, ya ciro bulon, ya ciro yashin, ya kai su bayan rumbu ya ɓoye. Sannan Zinatu ta shiga ta fito da Yagana a hannu, ko nishi ba ta yi ba, ta zaunar da ita ta gyara mata lafaya.

"Gindin tsamiya," in ji Yagana. "Kuma ki bi a hankali, sabon direba ya fi tsoho kisa."

Goggo ta kama mariƙin, ta kafa ƙafa, ta tura da ƙarfin da ta saba. Keken ya fizge ya yi gaba kamar ba kowa a ciki, har sai da ta yi taku biyu da gudu kafin ta tare shi.

Yagana ta kai hannu ƙarƙashin mazauni ta laluba. Ta daɗe hannun yana can. Sannan ta dawo da shi kan cinyarta, ba ta waiwayo ba.

"Yaya," ta ce, "akwai nauyi?"

"Bayana zai ɓalle," in ji Goggo. "Ke dai ki rage cin tuwon mutane."

Kafaɗun da ke cikin lafayar suka girgiza. Goggo Dudu ta tura keken da 'yan yatsunta suka fita zaure, tana nishi da ƙarfi yadda duk unguwar za ta ji.